Jarkar Ziblim

Sanatu na tsaka da yi wa matan ƙungiyarsu ta garin Savelugu bayanin haƙƙin mace a gona, sai ga tsoho Ziblim a bakin rumfa da jarkar fetur. Shi ne ya rantse zai babbake su muddin ba su daina zuga matan gari ba.

Rumfar ta ciyawa ce, ƙofarta ɗaya, ga mata da goyo.

"Baba, don girman Allah, bari masu yara su fita," in ji Sanatu.

Ya dire jarkar.

"Man babur ɗinki ne. Mijin 'yata ya rasu, danginsa sun ƙwace mata gona. Taso ki kai ta kotun nan taku."