Agogo Ya Ce Usaina Ce

Goggo Kubura ta dire takardar haihuwar jikokinta a teburin Ofishin Daidaita Lokaci.

"Malam, a hannuna tagwayen nan suka faɗo. Mai tabo a kunne ita ta fara fitowa, ita ce Hassana. Don me takarda ta mai da ita Usaina?"

Ma'aikacin, Malam Tukur, ya latsa na'ura ya duba. "Goggo, agogon ɗakin haihuwar ne ya yi gaba da minti tara. Ta farko na fitowa, babban agogon da ke daidaita sauran ya ja shi baya. Shi ya sa ta biyun ta riga ta a rubuce."

"To, ka gyara mana!"

"Ba ni da izinin taɓa agogo. Karantawa kawai nake yi."

"Wa ke da izinin?"

"Wani agogon ne ke ba shi umarni."

"Shi kuma wa ke ba shi?"

Malam Tukur ya koma latsa na'urarsa.

"Gobe suna fa! Liman ba zai raɗa ba sai abin da takarda ta ce. Shekara arba'in ina karɓar haihuwa, yau ƙarfe ne zai ƙaryata idona?"

Ta fizge takardar ta koma gida tana huci. Ta ɗauki mai tabon, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce, "Ke ce Hassana, ko sun ƙi."

Mai jegon, 'yarta Saude, ta daɗe tana kallon takardar. Can ta ɗago a hankali.

"Goggo, kin dai tabbata?"