Awarwaron Baba Ranar Alhamis

Tun da aka kafa dokar, duk wanda ya gwada na'ura, a jikin ɗan gidansu ake fara ɗaura ta. Hansatu ba ta damu ba. Kowane sharaɗi da aka gindaya wa awarwaron ciwon sukari ta yi masa gwajinsa, har ruwan alwala.

Ta ɗaura wa mahaifinta, awarwaron ya kulle kansa. Hukuma kaɗai ke buɗewa.

"Baba, kullum da azahar zai yi maka allura. Kada dai ta same ka da yunwa, akwai haɗari."

"Madalla, 'yar albarka. To yau da nake azumi fa?"

Ba wanda ya rubuta azumi cikin sharuɗɗan. A masallacin unguwa, ladan ya fara gyara murya don kiran azahar.