Mai Duba Takardun Malam Giɗaɗo

Ka taɓa ganin malamin jami'a da ya fi kowa iya bayani, amma biro na ba shi tsoro? To, haka Malam Giɗaɗo yake. Shekara tara yana koyar da kiwon dabbobi, bai wallafa ko shafi ɗaya ba. A 2003 shugaban sashensu ya ba shi wa'adi, ya kawo maƙala uku kafin ƙarshen shekara ko ya nemi wani aikin.

Ya halarci bita biyu kan dabarun rubutu. Ya dawo da jaka da kalanda.

Da aka shiga yajin aiki sai ya ɗaure littattafansa a bayan babur ya nufi Adabka, can Bukkuyum. Nan ya faɗa hannun wata mai duba aiki da ba ta san wasa ba. Ran farko ta karɓe makullin babur da takalmansa. Dokarta guda ce, shafi biyu kafin a saki shanu, in babu, babu fura.

Kullum da hantsi yakan miƙa mata takardar. Ta ɗaga ta saitin rana, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ba ta cika ba. Koma."

"Ai tunani nikai tukuna."

"Kai wane, tunani ka yi shi da biro a hannu."

Ba ta taɓa gyara masa kalma ba, ba ta taɓa yaba masa ba, ko sunansa ba ta kira. Ranar da ya gwada manyan baƙaƙe don shafi ya cika da wuri, ta ƙara masa na uku.

Wata biyar, maƙala huɗu. Shugaban sashe ya karanta har da cire tabarau, da ya ji wata ce ta duba masa aikin, ya ce lallai a gayyato wannan farfesa ta horar da sauran malamai. Giɗaɗo ya sunkuyar da kai, ya ce ba ta barin gida da damina.

Ni dai shawarata, in akwai irin Giɗaɗo a sashenku, kada ku ƙara kashe kuɗin bita. Ku sa shi a babur zuwa Adabka, ku tambayi rugar Inna Dija mai nono, mahaifiyar Giɗaɗo, wadda kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunansa. Ku miƙa mata takardar a miƙe ko a juye, duk ɗaya ne wurinta, ba ta taɓa shiga aji ba.