Koren Labule

Sai da ya tuɓe rigunan sanyi biyu, ya rage daga shi sai 'yar riga mai gajeren hannu, sannan ya jingina wayar da kofin shayi. Na'urar ɗumama ɗakin ta mutu tun shekaranjiya. Ga ƙafafu sun kumbura da tsayuwar awa goma a ɗakin wankin otal.

Fuskar mahaifiyarsa ta bayyana, a bayanta koren labulen falonsu na gida.

"Auta, ya sanyin ƙasar taku?"

"Wane sanyi, Inna? Ni da nake zufa. Ya ƙarfin jiki?"

"Garau nake. Yanzu ma na ajiye tsintsiya."

Suka yi sallama. Ya kai hannu zai kashe, yatsan da sanyi ya sandarar ya kuskure. A can ma an ajiye wayar ba a kashe ba. Sai ga muryar yayarsa:

"Inna, in sauke labulen daga bangon asibitin? Likita na tafe, za a mayar miki da ƙarin ruwan."

"Sauke," in ji ta, a gajiye. "Kin ga tururin da ke fita daga bakinsa? Yaron nan ko ƙarya bai iya ba."