Lefen Suraj a Hannun Baturiya

Akwati na shida ne ya ƙi rufuwa, sai da Safiyyatu ta hau kansa ta zauna da tsohon cikinta.

Lefen ƙanenta Suraj ne. Ita ce babbar ya, ita ta bugi ƙirji a gaban dangi ta ce daga Doha za a haɗo shi, har Kano. Ta kuwa haɗa: abayoyi, gwal, turaren wuta, takalma. To sai likita ya hana ta tafiya, mijinta Injiniya Mijinyawa bai sami hutu ba, biki kuma saura wata guda. Dangin amarya sun riga sun faɗa, in ba lefe, a ɗaga.

Kowa ya san al'adar 'yan Najeriya a Doha. Ka kuskura ka ce za ka gida, kafin ka rufe baki an cika maka falo da saƙo. Shi ya sa duk wanda ta tuntuɓa sai ya rantse kilon kayansa na jirgi ya cika.

Ana haka ta haɗu da maƙwabciyarsu a bakin lif, a gidansu na unguwar Bin Mahmud. Hilda sunanta, Baturiyar Ingila, ta haura sittin, rana ta gasa ta, tafin hannunta kamar na manomi. Nutso take koyarwa a teku, ta yi shekaru tana wannan aiki daga ƙasa zuwa ƙasa. Ranar tana jan katan-katan na kifin gwangwani. Cikin hira ta ce ta ajiye aiki, za ta gida, amma za ta biya ta Legas.

Legas! Safiyyatu har da tafi.

"Anti Hilda, ko za ki taimaka mini da ɗan saƙo?"

"Kawo ko nawa ne, ina da wuri. Na gaggawa ne?"

Nan fa kara ta tashi. Mutum zai ɗaukar maka akwati shida kyauta, kuma ka tsaya kana gindaya masa rana? Ai ba tarbiyya ba ce.

"Haba, ko kaɗan! Duk sanda kika isa."

Hilda ta sa aka naɗe kowane akwati da leda ninki biyu, ta ɗaure su da igiya, wani irin ƙulli da Mijinyawa ya daɗe yana kallo. Safiyyatu ta ce wallahi Bature akwai tsari. Da ta tambayi ranar tafiya, Hilda ta leƙa taga ta dubi sama, ta ce wataƙila jibi. Jibin kuwa ta loda kaya a motarta. Safiyyatu ta raka ta bakin lif, ta ba ta dambun nama ta ci a hanya.

Suraj ya hau mota daga Kano zuwa Legas, ya tare a filin jirgin sama da kwali mai sunan Hilda. Duk tsohuwar Baturiyar da ta fito sai ya durƙusa ya gaishe ta. Har ma'aikata suka fara yi masa kallon mai taɓin hankali.

Wayar Hilda a kashe. Dangin amarya suna ta aike. Safiyyatu ta daina cin abinci, kunya da takaici suka ishe ta. Tana kuka tana cewa wa zai ce tsohuwa kamar wannan za ta gudu da lefe?

"Khalas, ya isa haka, tashi mu je inda ta yi aiki," in ji Mijinyawa. "Daga can sai 'yan sanda."

A makarantar nutso, manajan ya ji sunan Hilda ya washe baki. Ya ce lafiyarta lau, jiya ma ta aiko da gaisuwa, ta ce naman nan ya yi daɗi. Ya juyo musu da kwamfuta. Taswira ce, shuɗi ko'ina, da wani ɗan ɗigo ja a gefen Oman.

Ga ta nan, in ji shi, ita kaɗai a ɗan jirgin ruwanta da iska ke turawa, za ta zagayo ta ƙasan Afirka, in iska ta yi kirki nan da wata biyar tana Legas.