Gwajin Da Ya Daina Faɗuwa

Ɗija ta dawo daga jana'izar mahaifinta a Zariya ta tarar gwajinta ya fara nuna ja.

Aikinta ke nan a ɗan kamfanin Injiniya Almu da ke garin Lanham a Amurka: gwada manhajar da za ta jefa ƙuri'ar kujerun karatu a wata makarantar da kowa ke rububinta. Kowane yaro da lambarsa, daidai da lokacin da aka yi masa rajista. Gwajin yakan sa manhajar ta jefa ƙuri'a sau dubbai, ya duba ko kowace lamba na samun rabonta. In haka ne, ya nuna kore.

Matsalar ita ce, ko ƙuri'ar gaskiya takan karkata jefi-jefi, kamar yadda kwabo kan faɗi a fuska ɗaya sau da yawa a jere. Saboda haka ja na lokaci-lokaci ba abin tashin hankali ba ne. Sai dai duk sa'ad da ya fito, aikin kowa tsayawa yake yi, ga ranar ƙuri'a tana matsowa.

Idrissa, abokin aikinta mutumin Maraɗi, bai yarda ba. "Madam, wannan jan ya yi yawa. Sa'a ba ta nacewa haka."

Almu aminin mahaifinta ne, shi ya ɗauke ta aiki, kuma Baba take ce masa. Ya kaɗa hannu. "Kai dai ka cika tsoro. Ɗija, ki kashe mana wannan wutar kafin Litinin."

Ta koma gida kanta na sarawa. Mijinta Kabir, wanda shi ma sana'arsa ke nan, ya aje mata shayi ya jawo kujera. Tun rasuwar yake lallaɓa ta. Shi ya haɗa mata jakar tafiya Zariya, shi ya hana ta tafiya da komai na ofis, wai mai makoki ba ya aiki.

"Ba wani abu ba ne," in ji shi. "Lambobin nan ai daga iri ɗaya suke tsirowa. A wurin gwaji ki kafa irin, ki daina barinsa yana canzawa. Kullum lambobi ɗaya za su fito, in ya ci yau ya ci har abada."

Dabara ce da kowa ya sani a sana'ar. Ya zaɓar mata lambar da za ta zama irin, ta saka, kore ya fito bai sake gushewa ba.

Idrissa ya ce an rufe bakin mara lafiya ne, ba magani aka ba shi ba. Ya faɗa a taro, ya sake faɗa a imel. Da Almu ya tambayi Ɗija ra'ayinta, ta ce ita ta gamsu da aikinta. Kafin ƙarshen wata Idrissa ya kwashe kayansa. Bai yi mata sallama ba.

Aka jefa ƙuri'a, 'ya'yan Hausawa da dama suka samu. An yi murna a Lanham da garin Mitchellville da ke kusa, gidansu Ɗija ma bai rabu da baƙi ba, wannan da kilishi, wancan da turare. Kabir mutum ne na jama'a, a wannan bazarar ma aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar Hausawan yankin ba hamayya.

Sai wata uwa da ɗanta bai samu ba ta lura cewa yawancin waɗanda suka ci a ranar ƙarshe suka yi rajista. Makarantar ta ɗauko mai bincike, wani Gregory.

Ɗija ta cire kafaffen irin ta sake gwajin. Ja. Ta sake. Ja. Ta bi manhajar layi-layi har ta ga wurin: an ɗan taɓa lissafin yadda manyan lambobi, wato na masu rajistar ƙarshe, za su riƙa rinjaye. Wanda ya yi ya san aikinsa, ya kuma san wa zai raɗa wa ya jinkirta rajista.

Wa ya matsa a kashe jan? Wa ya kori Idrissa? Jikokin wa biyu suka samu kujera?

Ta shiga ofishin Almu ba sallama. "Baba, da hannuna ka rufe ɓarnarka? Ƙasa ba ta bushe a kan kabarin amininka ba?"

Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta. "Ni kike faɗa wa haka, Ɗija?"

Ba ta tsaya ba. A gida ta yi kuka kamar ranta zai fita, Kabir na shafa bayanta. "Ki faɗa wa mai binciken duk abin da kika sani game da shi," ya ce. "Ni zan kai ki."

Ya kai ta, ya ce zai jira a mota.

Gregory ya saurare ta har ta gama. Sannan ya juyo mata da allon kwamfutarsa. Almu, in ji shi, rabonsa da taɓa manhajar tun kafin a ɗauke ta aiki. Canjin da sunanta aka shigar, da kalmar sirrinta, daga kwamfutar da kamfani ya ba ta. Ya nuna mata kwanan watan, ya tambaye ta ina take a ranar.

Ta kai dubanta waje. Ta taga tana hango motarsu a ƙarƙashin bishiya, gilashi a sauke.

A ranar tana Zariya a kan tabarma tana karɓar gaisuwa, kwamfutar kuwa tana nan gida a Amurka, a hannun mutumin da ke ɗago mata hannu yanzu daga cikin motar.