Mace Mai Adana

"Malam Falalu," in ji lauyana a kotun Birmingham, "banki ya ɓatar da yarjejeniyar katin bashin da ka sa wa hannu. In babu ita, ba mai tilasta maka biya."

Tun da ƙaramar hukuma ta sallame ni daga aiki, sai yau na ja numfashi, gidanmu ya tsira. Matata Turai kuwa, kunya ta sa na ce mata wata takarda kawai ake nema.

Sai ga ta daga gidanmu na Manchester tana haki, rungume da jakar da muke tara takardu saboda biza. Lauyan banki ne kusa da ƙofa, ta zaro namu kwafin yarjejeniyar ta miƙa masa.

"Baban Raki," ta ce mini, "na samo ta. Ka gode Allah da ya ba ka mace mai adana."